Wane suna za mu raɗa mata?

Uban jaririya, Rigasa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Allah ya sauki maiɗakina lafiya, an samu mace. Ga abin da ya hana ni barci, ku amsa mini a kan amon "na".

Ran Lahadi Rabbu ya yi min kyauta,
'Ya mace, na rungume na sumbace ta,
Na yi kiran salla a kunnen damanta,
Saura abu guda, batun suna.

Uwarta Afnan ta riƙe a ranta,
Ta ce a layinmu ba mai irinta,
A makaranta ba a rikita ta,
Da an kira, ita ɗai za a nuna.

Ni ko Hauwa'u nake ta tunawa,
Tsohuwata, bara ta yi rasuwa,
Tuyar ƙosai take, tana tarawa,
Da shi ta biya kuɗin karatuna.

Sai dai Hauwa'u huɗu ne a danginmu,
Ga ta Kawo, ga biyu a gidanmu,
Ga ta Zariya, 'yar ƙanen babanmu,
In ƙara ta biyar? Ku taya ni auna.

Malamar firamare, Kawo:
Barka da arziki, Allah ya raya. Ni ke kiran rajista kullum safe, ga abin da idona ya gani.

A'isha shida nake da su a aji,
Fatima huɗu na zaune gabana.
In na kira ɗaya, shida su miƙe,
Sai na haɗa da uba kafin mu gana.
Bara an ba wata sakamakon wata,
Uwar ta zo da kuka har teburina.
Don haka kar ka raina zancen maijego,
Hujjarta ita ma tana da ma'ana.
Amma fa Afnan ɗin da take nema,
Uku na rubuta a rajistar bana.
Baƙon suna ba ya daɗewa a baƙunci,
Shekara biyu ya cika Kaduna.

Goggo, Tudun Wada:
Jikata ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Ɗana, wa ya ce suna guda ake da shi?
Na yanka daban, rago aka kayar don shi,
Na gida daban, kaka ke raɗa shi,
Shi ke bin mutum kasuwa da gona.

Ta zo ran Lahadi, ai Ladi ce tuni,
Da Laraba ce, Larai za ka ji gare ni,
Mace bayan maza Kande ce, ka sani,
Gambo ke bin Hassana da Usaina.

Gwamnanmu na 1979, ka tuna shi,
Abdulƙadir ne na yankan da aka ba shi,
Amma Balarabe duniya ta san shi,
Har ya koma ga Allah da wannan suna.

Yau ina Jummai, ina Asabe da Lami?
Kun ce na ƙauye ne, na marasa ilimi,
Kuna tono a waya kamar masu haƙar rami,
Ga na gida kun bari, na su inna.

Malamin Islamiyya, Unguwar Sarki:
Goggo, a gafarce ni, zan ɗan kare ƙanwar tamu.

Afnan ba laifi, kalma ce ta Ƙur'ani,
Aya ta 48 a Suratur Rahmani,
Rassa ke nan, masu inuwa da amfani,
Na lambuna biyu a gidan Aljanna.

Abin gudu, a ɗauko kalma don daɗi,
Ba a tambaya ba, ba a san me ta faɗi,
Yaro ya girma da kaya mai nauyi da faɗi,
Yana ɓoye sunansa don kunyar ma'ana.

Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya kan sauya sunan da bai dace ba, shi ya mayar da Barra ta zama Zainab. Kuma ba dole ne a bi sawun da aka saba ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya samu tagwaye a 1793, namijin Hassan, macen kuwa Asma'u ya sa mata. Yau wa bai san Nana Asma'u ba?

Maijego, Rigasa:
Na karɓi wayar maigida, jaririyar tana kwance a cinyata tana barci. Ban taɓa gaya masa wannan ba.

Ni ce Fatima ta uku a ajinmu,
Da fara, da doguwa, haka ake raba mu,
Ni "Fatima baƙa" har muka bar makarantarmu,
Har yau in na tuna yana min ƙuna.

Shi ne dalilin, ba raina Hajiya ba,
Da na yi ɓari ba ta bar gefena ba,
Kwana arba'in ba ta bar ni ɗaukar tulu ba,
Da hannunta take dama kununa.

Yau da tana nan ita za ta dafa ruwan wanka.
Maigida, sa Hauwa'u, na yarda da naka,
Amma bakina ba zai kama sunan uwarka,
Afnan zan ɓoye shi da ita, don kunya da ƙauna.

Uban jaririya:
Na karanta sau uku, sai da na fita waje na share ido.

Hauwa'u liman zai raɗa da yardar Allah,
Afnan a ɗaki, ba gardama ba ƙorafi wallah,
Lahadi ku zo da an idar da salla,
Goro da dabino na ƙofar gidana.

Gobe zan shiga Zango neman rago. Goggo, ki aiko mini yaron da ya iya ciniki.

Goggo:
Zan aiko shi da hantsi, ya san haƙorin rago,
Ku tanadi kanwa da yaji na kunun maijego,
Ku kira ta Afnan, ni da na zo da goyo da bargo,
Ladi zan ce, in ɗora ta a bayana.