Abin da Muka Tsaya a Kai: Musayar Baitoci da Amsa-amon "Ya"

Dattijo Mai Sanda:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Abin da ke damuna shi ne, matasanmu sun iya waƙoƙin sujada, amma in ka ce su faɗi abin da ikkilisiyar bishara ta gaskata, sai a yi tsit. To mu faɗe shi da baiti. Sharaɗi ɗaya ne, kowane baiti ya sauka a kan "ya". Ni zan fara da Littafi.

Da sunan Ubangiji zan soma,
Mai iko a ƙasa da sama,
Shi ya ba mu Kalmarsa, kuma
Ita ce ma'aunin gaskiya.

Tsohon Alkawari da Sabo,
Hurarru ne, ba su da tabo,
Wanda ya riƙe su ya yi rabo,
Fitila ce ga mai tafiya.

Mutane ne suka riƙe alƙalami,
Makiyayi da sarki da malami,
Har masunci da bai yi zurfin ilimi,
Ruhu ya bi da su hanya ɗaya.

Al'ada in ta zo mu auna ta,
Koyarwar fasto ma mu gwada ta,
In ta saɓa wa Kalma mu bar ta,
Haka suka yi a Biriya.

Biriya ita ce garin da mutanensa suka riƙa gwada wa'azin Bulus da Kalmar Allah. Littattafai 66 ke nan, 39 a Tsoho, 27 a Sabo. Wa zai karɓa?

Malamar Lahadi:
Sannu da ƙoƙari, Baba. Na karɓa.

Baba, ka aza tubalin fari,
Bari in ɗora nawa a jeri,
Allah ɗaya ne, babu ƙari,
Musa ya faɗa tun can baya.

Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki,
Ba alloli uku ba, ɗaya ne Sarki,
Hankali ya tsaya yana mamaki,
Uku ne cikin zati ɗaya.

A Kogin Urdun an ga alama,
Ɗa na cikin ruwa, murya daga sama,
Ruhu kamar kurciya ya sauko kuma,
Duka a kan idon Yahaya.

In mun ce Ɗa, babu batun aure,
Tun fil'azal suna nan tare,
Kalma ne shi, da Uba a ɗaure,
Kafin a kafa duniya.

Ɗan Mawaƙa:
Mama, ki yi haƙuri da yaro,
Zan yi tambaya babu tsoro,
Kalmar Triniti, ashe ta aro?
Ban gan ta cikin aya ko ɗaya.

Malamar Lahadi:
Ɗana, kalmar kam babu ta,
Abin da take nufi aka rubuta,
Ƙarshen Matiyu je ka karanta,
Uku aka ambata, suna ɗaya.

Tartuliyan, wani malamin Kirista na birnin Kartaj, ne ya yi amfani da kalmar Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki cikin zati ɗaya, a Latin wajen farkon ƙarni na 3, don a sami suna ga abin da ake karantawa. Da Ariyus na Iskandariya ya fara koyar da cewa akwai lokacin da babu Ɗan, shugabannin ikkilisiya suka taru a Nikiya a shekarar 325, suka ce haifaffe ne, ba halittacce ba. Ka riƙa tambaya, ɗana, ni daɗi nake ji.

'Yar Zumunta:
Mama, ki ba ni wuri in yi maganar Mai Ceto.

Budurwa Maryamu ta haife shi,
A komin dabbobi ta kwantar da shi,
Ya ji yunwa, ƙishi ya kama shi,
Ya yi barci a jirgi don gajiya.

Amma da ya farka ya tsawata,
Iska da raƙuman ruwa suka kwanta,
Allah ne cikakke, kar a manta,
Mutum ne cikakke, shi ɗin ɗaya.

Adamu ya ci, da shi muka faɗi,
Zunubi kan shigo da ɗan daɗi,
Ba a fansar rai da tarin kuɗi,
Hakkinsa mutuwa ne, babu ƙarya.

Bilatus ya wanke hannuwansa,
Sojoji suka raba tufafinsa,
Aka kafa ƙusa a tafukansa,
A kansa kuma rawanin ƙaya.

Laifin namu, bulalar tasa,
Bashin namu, jinin nasa,
Ya zama Ɗan Rago na fansa,
Yadda ya faɗa, annabi Ishaya.

Baiti na biyu ba nawa ba ne ni kaɗai, abin da taron shugabannin ikkilisiya a garin Kalsidon ya tabbatar ne a shekarar 451.

Ɗan Mawaƙa:
Yaya, a nan ne kaina ya kulle,
An ce ceto kyauta ne lalle,
To azumi da sadaka sai a ƙyale?
Me ya rage wa mai biyayya?

Ɓarawo a kan gicciye ya tsira,
Babu aikin kirki da ya tara,
Bai sami ko yini guda ya gyara,
To ni don me nake shan wuya?

Da gaske nake tambaya, Baba. Abin ya daɗe yana cina.

Dattijo Mai Sanda:
Na san da gaske kake. A kan wannan gaɓar ce Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a Witinbag ta ƙasar Jamus a 1517, lokacin da ake sayar wa mutane takardun sassauta hukuncin zunubi. Kafin shi ma, Bulus ya yi wa kansa irin tambayarka a farkon Romawa 6. Saurara.

Ɗana, ka taɓo babban zance,
Dubi 'ya'ya a kan itace,
Ba su ke ba shi rai ba, saiwa ce,
Su dai shaidar yana da lafiya.

Alheri ne ya cece ni, ɗana,
Ba azumina ba, ba hawayena,
Bangaskiya ce tafin hannuna,
Na karɓa ne, wani ya biya.

Wanda ya faɗa rijiya mai zurfi,
Ba ya fitowa da nasa ƙarfi,
Ko mai ƙarami ko babban laifi,
Daga sama ake jefo igiya.

In ya fito, sai ya koma ciki,
Wai don mai igiya ya ƙara aiki?
Bulus ya ce mun mutu ga halin jiki,
Aikinmu yanzu na godiya.

Yakubu bai yi gardama da Bulus ba,
Ka ga mayunwaci ba ka ba shi ba,
Ka ga marar riga ba ka rufa masa ba,
Gawa kake kira bangaskiya.

Ɓarawon nan da ka ambata, da an sauko da shi da rai, da ka ga 'ya'ya a jikinsa. Lokaci ne bai samu ba. Kai ka samu. Ka karanta Afisawa 2 daga aya 8, amma kada ka tsaya a ta 9 kamar yadda wasu ke yi, ka wuce zuwa ta 10, inda aka ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka.

'Yar Zumunta:
Baba, baitinka na biyu ya sa ni hawaye. Na girma a cikin ikkilisiya, amma shekaru da yawa ina ɗaukar Allah kamar mai bin bashi. In na yi addu'a da safe sai in ji na ɗan rage, in na yi fushi da rana sai in ji an ƙara mini. Ka yarda in yi wa layukanka biyu tahamisi, wato in sa musu layuka uku nawa a sama.

Shekaru na yi ina ƙirga ladana,
Kowane dare ina auna kaina,
Tsoro ya ƙwace barcin idona,
Bangaskiya ce tafin hannuna,
Na karɓa ne, wani ya biya.

Tun da na gane haka ban rage hidima ba, sai ma ƙaruwa da ta yi, don yanzu ba da fargaba nake yi ba.

Mai Bishara:
Amin, 'yar'uwa. Amma kada mu bar shi a kan gicciye.

Da ya zauna a kabari, mun yi asara,
Wa'azinmu banza, babu bishara,
Rana ta uku ya tashi da nasara,
Mata suka fara gani da safiya.

Toma ya ƙi, sai ya ga gurbin ƙusa,
Yesu ya ce masa matso kusa,
"Ubangijina da Allahna," da bakinsa,
Shakka ta koma bangaskiya.

Nikodimu ya zo cikin dare,
Malami ne, da ilimi a tattare,
Batun sāke haihuwa kansa ya ɗaure,
Ruhu ne ke sabunta zuciya.

Ba a gadon ceto wurin uba,
Ko sunanka Bitrus ko Barnaba,
Sai kai da kanka ka zo ka tuba,
Babu wakilci a wannan hanya.

Ya aike mu tun daga Urushalima,
Ba da takobi ba, da Kalma da hidima,
Mu faɗa da ladabi, mu faɗa da salama,
Samariya har iyakar duniya.

Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa 'yan'uwa fiye da 500 sun gan shi a lokaci ɗaya, kuma yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun. Wato mai shakka yana iya zuwa ya tambaye su.

Malamar Lahadi:
Abu biyu ya bar wa jama'arsa,
Baftisma, alamar mutuwa da tashinsa,
Gurasa da ƙoƙo, tunawa da jininsa,
Har ya dawo wa ikkilisiya.

Na san masu bishara sun bambanta, wasu na yi wa jarirai baftisma, wasu sai mutum ya furta da bakinsa. Ni ina da nawa ra'ayin, amma ba zan raba zumunci a kansa ba.

Ɗan Mawaƙa:
Baba, saura ɗaya in yi shiru,
Yaƙe-yaƙe da girgizar ƙasa sun faru,
Wasu na lissafin kwanaki da shekaru,
Yaushe zai dawo? Ita ce tambaya.

Dattijo Mai Sanda:
An sha yin wannan lissafin. Mabiyan wani mai wa'azi, William Miller, a Amurka sun jira shi ranar 22 ga Oktoba, 1844, gari ya waye bai zo ba, zukata da yawa suka karaya. Ka guji duk mai sa rana.

Ranar da sa'ar babu mai sani,
Ko mala'iku ba su da bayani,
Zai zo a sarari kowa ya gani,
Ya zauna shari'ar duniya.

Wanda ya ƙi, rabuwa ce har abada,
Wannan ba abin a yi wa guɗa,
Shi ya sa muke ta ba da shaida,
Da hawaye, babu dariya.

Uwar 'ya'yana ta riga ni tafiya,
Na sa ta a ƙasa da wannan bangaskiya,
Ƙaho zai yi ƙara wata safiya,
Ta tashi da sabon jiki, lafiya.