Wutar DCC ta kashe min ƙwai goma sha ɗaya

Ɗan Manchesta: Salamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Shekara huɗu ke nan ina haɗa ɗan ƙaramin layin dogo a ɗakin saman gidana, ma'aunin OO da 'yan Ingila suka fi yi, wanda ake ƙanƙanta komai sau 76, faɗin layin kuma milimita 16.5. Na yi tasha, na yi ɗakin sigina, na jera gidaje, na sa musu ƙwan LED arba'in, kowanne da resisto mai om 470. Tsohuwar kwantirolata ta DC tana da ƙarin kafa biyu a baya, ɗaya volt 12 DC, ɗaya volt 16 AC. A ta 12 ɗin na jona fitilun, shekara uku ko ƙiftawa ba su yi ba. Watan jiya na sayi ta DCC don in riƙa tuƙa kan jirgi uku a layi ɗaya, kowanne da gudunsa. Na juya bayanta, babu komai sai waya biyu masu zuwa layi. Na koma shagon, mai shagon ya ce ai ba matsala, wutar layin DCC ba ta yankewa, AC ce, in ɗiba daga nan. Na ɗiba. Sati biyu, fararen ƙwan LED goma sha ɗaya sun mutu, kuma a cikin gidajen da na riga na manne rufinsu da gam. Ga ƙarin takaici: da kan jirgi ya yi shoti a mahaɗar layi, sai kwantirola ta yanke, garin duka ya yi duhu. NEPA ta biyo ni har Ingila. Ni dai na ce DCC ɗin nan yaudara ce, an ƙara mana kuɗi an rage mana kafa. Me ya kashe min fitilun, kuma yaya zan yi da sauran?

Mai Rediyo: Wa alaikumussalam. Ɗana, kai da mai shagon duk kun ɓata. Wace AC? Duba adaftar da ke ba kwantirolar wuta, me aka rubuta a jikinta?

Ɗan Manchesta: Volt 15 DC, Baba.

Mai Rediyo: To ka gani. Abin da ya shiga DC, ya fita AC? Ga shi ma a sunan, D, C, sannan C.

Ɗan Sola: Baba, da girmanka, amma inbata fa? Batir DC ne, abin da ke fita AC ne. Kullum shi muke haɗawa.

Injiniya: Sunan ba shi da alaƙa da wannan. Digital Command Control ne. Kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro tsarin, ƙungiyar masu wannan harka ta Amurka, NMRA, ta mayar da shi ƙa'ida da kowane kamfani ke bi. Abin da ke kan layin shi ne: ƙarfen dama ya zama fositif, na hagu negetif, sai su yi musaya, su sake musaya. Tsawon lokacin da suka ɗauka kafin musayar shi ne saƙon. Idan kowane rabi ya ɗauki maikurosakan 58 (maikurosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), wato 1 ke nan. Idan ya kai wajen 100 ko ya wuce, 0 ke nan. Da haka ake gaya wa kowane kan jirgi gudunsa. Ni ba na kiran ta AC, DC ce mai juyawa.

Ɗan Sola: Oga Injiniya, "DC mai juyawa" ai ita ce AC. Kamar ka ce ba kare ba ne, dabba ce mai haushi.

Injiniya: AC da aka sani tana tashi a hankali ta sauka a hankali, sau 50 a sakan. Wannan murabba'i ce, tana dirowa ne kawai, kuma sau dubu biyar zuwa dubu takwas da wani abu a sakan.

Ɗan Sola: Tsofaffin inbatocin nan masu sa fanka kuka, su ma murabba'i suke bayarwa. Ka taɓa jin wanda ya ce DC suke bayarwa?

Mai Rediyo: Ku bar dogon Turanci. A ɗora mita.

Ɗan Manchesta: Na ɗora. A DC ta nuna min kusan sifili. A AC ta nuna 17 da 'yan kai.

Ɗan Sola: Shi ke nan, shari'a ta ƙare. AC.

Mai Rediyo: Wace shari'a? An ba ta 15 ta ce 17, ai mitar ce maƙaryaciya. Ba a kafa hujja da maƙaryaci.

Injiniya: A nan Baba ya yi gaskiya. Mitar kasuwa an saita ta ne don wutar gida. Wannan ta fi ƙarfin lissafinta, wata ta ƙara, wata ta rage.

Mai Rediyo: Yau kuma na yi gaskiya? Ɗazu ka ce ban san sunan ba.

Malamar Fizis: Ku yi haƙuri in sa baki, don mai tambaya har yanzu gidajensa na cikin duhu. Ku kira ta duk sunan da kuka so, ƙwan LED abu ɗaya ya sani: hanya ɗaya yake wuce wuta. Idan aka juya masa, yawancinsu volt 5 kawai aka lamunce musu su jure ta baya. Kai kuma Yaya ka sa su inda rabin lokaci volt kusan 15 ke dukan su ta baya, sau dubbai a sakan. Fararen sun fi saurin jin jiki da irin wannan, shi ya sa su suka fara tafiya. In dole sai daga layi za ka ɗiba, ka sa wa kowanne diyod 1N4148, ɗan abin nan mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a gicciye, fuskarsa ta saɓa wa ta ƙwan, ko ka sa gadar diyod huɗu a gaban su duka, da masu sauri irin UF4007, don 1N4007 na gama-gari yana da nawa a wannan gudun. Amma shawarata ka raba su da layin. Ƙwai arba'in da wannan resiston suna jan kusan rabin amp, ƙananan kwantirolocin DCC kuwa da yawa amp ɗaya ne zuwa biyu. Abincin jiragenka kake ba fitilu. Nemi adafta mai volt 12 DC ta daban, ko ka mayar da tsohuwar kwantirolar ƙarƙashin tebur ta ci gaba da aikin fitilu. Sai dai kada ka kuskura ka gyara kafar 16 AC ɗin da gada da kafasito ka ce ka samu 16, za ta haura 20.

Autan Zaure: Ni abin da ya ɗaure min kai, magidanci da iyali ya zauna yana kuka a kan jirgin wasa. Mutane na neman na masara.

Ɗan Manchesta: Wasa? Auta, ka iya bakinka.

Baba Reluwe: Wa ya ce wasa? Yaro, shekara ashirin da shida na yi a reluwe, daga Zariya zuwa Kafanchan. Tun 1911 jirgi ya shiga Kano, shi ya kwashi gyaɗar da kakanninka suka noma. Wanda ya zauna ya haɗa sigina da mahaɗar layi da hannunsa ya fi ka sanin abin da ake ciki, kai da ba ka san komai ba sai latsa waya.

Autan Zaure: Baba ni ban zagi reluwe ba. Na roba nake magana.

Injiniya: A Hambog ta Jamus akwai Miniatur Wunderland, an buɗe shi a 2001, duk irin wannan ne a ma'aunin HO, wanda ya ɗan fi OO ƙanƙanta. Manya ke bin layi su biya kuɗi su kalla.

Autan Zaure: Ana biyan kuɗi a kalli ƙwallo ma, sunanta dai wasa.

Ɗan Sola: 😂 Auta ya ci wannan.

Baba Reluwe: Kai ma ɗan faranti har da kai? Ba kai ka haɗa wa maƙwabcina sola batir ya kumbura ba?

Ɗan Sola: Baba, firiza ya jona bayan na tafi. Kowa a layinku ya sani.

Mai Rediyo: Abin da nake faɗa ke nan. Yaran yanzu an yi kwas na wata uku an fito ana gyara wa manya magana. Ni shekara talatin ina shaƙar hayaƙin dalma a Sabon Gari. Rediyo mai bawul na gyara, talabijin mai ƙusumbi na gyara. Duk abin da ya fito daga adafta DC ne.

Injiniya: Baba, ba a auna wuta da shekaru.

Mai Rediyo: Da kwali ake aunawa? Kawo min allon da ka taɓa gyarawa ya tashi.

Injiniya: Ban zo nan a raina min karatu ba. Mai osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta, ya ɗora ya turo mana hoto, magana ta ƙare.

Ɗan Sola: Kai ba ka da shi ne, Oga?

Injiniya: Yana ofis.

Ɗan Manchesta: Jama'a, ni fa tambayata a kan fitilu ce.

Malamar Fizis: Na ba ka amsa a sama, Yaya. Hau ka duba.

Autan Zaure: Hau ka duba, direban jirgin roba.

*Shugaban Zaure ya cire Autan Zaure.*

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Ga abin da aka cimma, don waɗanda suka shigo a makare. An tabbatar adaftar DC ce, kamar yadda Baba Mai Rediyo ya faɗa tun farko, kuma Injiniya da bakinsa ya ce Baba ya yi gaskiya. Mitar da masu cewa AC suka dogara da ita an gano ba ta da inganci. Saboda haka mai shagon ne ya yi kuskure da ya ce AC ce. Malama ma ta kawo wasu lambobin diyod, mai buƙata ya neme ta. Kuma ina tunatar da matasa cewa Baba ya koyar da da yawa daga cikinmu riƙon ƙarfen dalma, har da ni, ba sa'an gardamar kowa ba ne a nan. An rufe maganar.

Ɗan Sola: Ranka ya daɗe, a ina aka tabbatar? Kuma "DC mai juyawa" ɗin fa, ta bi ruwa?

Injiniya: A kan mita kawai na ce ya yi gaskiya. A gyara.

Shugaban Zaure: Na ce an rufe.

Ɗan Manchesta: Na tono adaftar wata tsohuwar na'urar intanet a cikin kwali, volt 12 DC, amp ɗaya. Na yanke wayar fitilun daga layi na jona a nan. Ashirin da tara sun kama. Na ɗora sukundireba a kan layi da gangan, jirage suka tsaya, tasha na nan da haskenta. Na gode Malama. Yanzu wa ya san yadda ake ɓamɓare rufin da aka manne da gam ba tare da bango ya tsage ba?

Ɗan Sola: Ka ga wannan ita ce DC. Waccan AC ce.