Sofiya na rubuta, Safiya aka raɗa

Baban Jaririya: Salamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, in ban faɗa ba abin zai ci ni. Ranar Asabar aka yi sunan 'yata. Na rubuta wa liman a takarda, Sofiya, ɓaro-ɓaro. Ana shafa fatiha sai na ji maroƙi yana shela wai an samu Safiya. Na ja liman gefe, ya ce ai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Sofiya sunan Girka ne, ma'anarsa hikima. A Istanbul na fara jinsa da na je saro kaya, na yi sallah a masallacin Aya Sofiya, tun ranar na ƙudurta in Allah ya ba ni mace sunanta ke nan. Yanzu gwaggona ta kafe, wai rago da sunan Safiya aka yanka shi. Uba ba shi da ikon zaɓa wa 'yarsa suna ne?

Maman Hanif: Allah ya raya. Amma tsaya, sunan girka ka ce? Girka dai ta 'yan bori? Subhanallahi.

Ɗan Fagge: Haba Hajiya. Ƙasar Girka yake nufi, maƙwabciyar Turkiyya.

Maman Hanif: Ko ma wacce ce. A unguwarmu in aka haɗa yarinya da kalmar girka a magana ɗaya, kowa ya san inda aka dosa. Ranar da kishiya za ta yi mata gori za ku tuna da ni.

Kawu Na Gwale: Ni na zaci girkin suna ake magana, don har yanzu ko waina ɗaya ba mu gani ba.

Abu Sumayya: Maganar Hajiya ba abin dariya ba ce. Girkawan nan ba su ne masu bautar gumaka ba? To mene ne bambancinsu da 'yan bori? Ga Safiyya 'yar Huyayyu, matar Manzon Allah (SAW) da ya aura bayan Khaibara. Ga Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalibi, gwaggonsa, mahaifiyar Zubairu ɗan Awwam. Ka tsallake waɗannan ka tafi neman suna wurin arna.

Malamar Firamare: Ustaz, a bi kalmar arna a hankali. Falsafa da muke faɗa kullum daga bakin Girkawan ta fito, filo da sofiya, wato son hikima. Zamanin Halifa Ma'amun a Bagadaza aka yi ta juya littattafansu zuwa Larabci, likitancin Jalinus da manɗiƙin Aristo. Ibn Sina a kansu ya gina nasa.

Abu Sumayya: Shi ya sa malamai suka yi wa falsafa raddi. Kin ƙara mini hujja ne, Malama.

Ɗan Fagge: Kai kuma mai jego, masallacin da kake tutiya da shi coci ne tun asali. Sarkin Rum Jastiniyan ya gama gina shi a 537.

Malamar Firamare: Gaskiya ne. Amma da Sultan Muhammadu Alfatih ya ci birnin a 1453 ya mayar da shi masallaci, bai canja masa suna ba. An mai da shi gidan tarihi zamanin Ataturk, Erdogan ya dawo da sallar Juma'a a Yulin 2020, har yau Aya Sofiya ake ce masa. Alfatih bai ga aibin sunan ba, sai mu.

Abu Sumayya: Gini daban, 'yar Musulmi daban.

Ɗalibi Daga Zariya: Bari in sa baki. Albiruni ya taɓa cewa kalmar Sufi ma daga wannan sofiya ta Girkawa take.

Abu Sumayya: Allahu akbar! Mun daɗe muna faɗa ana cewa mun cika zafi. Ga shi daga bakin wani.

Muhibbin Shehu: Ka iya bakinka, malam. Sufi daga suf ne, rigar gashin tumaki da masu gudun duniya ke sawa. Da sadun ake rubuta shi. Falsafa kuwa da sinun. Ko ɗan allo ya san sadun ba sinun ba ne.

Ɗalibi Daga Zariya: Ni ban ce ra'ayina ba ne, kuma akasarin masana kan suf ɗin suka tsaya. Sai dai Larabawa da sadun suke rubuta Aya Sofiya.

Muhibbin Shehu: Mun gane ku. A shigo da rigar ilimi a soki waliyyai. Wane malami ka zauna gabansa?

Abu Sumayya: Kai wane littafi ka sauke ban da ƙasida?

Muhibbin Shehu: Zo zawiyya ka gani.

Baban Jaririya: Jama'a, don Allah tambayata fa kan liman ce.

Anti Ta Abuja: Ni abin da ya ba ni dariya, mai jego yana ji kamar ya tono wani suna da ba kowa ke da shi ba. A nan ne yake baƙo. A Amurka shi ne na ɗaya a sunayen 'yan mata daga 2011 zuwa 2013. Babban birnin Bulgeriya ma Sofiya ne. Har mutum-mutumin nan mai magana da Saudiyya ta ba takardar zama ɗan ƙasa a 2017 sunanta ke nan.

Muhibbin Shehu: To Ustaz, ga mutanenka sun ba Sofiya ɗan ƙasa. Sai ka rubuta musu raddi.

Abu Sumayya: Gwamnati daban, malamai daban. Kada ka haɗa.

Maman Hanif: Duk surutun nan, yarinya dai a makarantar Islamiyya Safiya za a kira ta. Kakanninta kuma ko Safiyar ba za su tsaya faɗa ba, laƙabi za su liƙa mata.

Kawu Na Gwale: Da safe aka haife ta? In da safe ne ai liman bai yi kuskure ba.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda cewa sunan da liman ya raɗa suna ne mai asali, na matar Annabi da gwaggonsa, kuma shi ne sunan Hajiyarmu, Allah ya ƙara mata lafiya, wanda bakina ba zai iya faɗa ba. Ɗaya sunan kuwa an tabbatar na coci ne da mutum-mutumi. Malama ta kawo tarihi mai yawa, mun gode, amma bai shafi ragon da aka riga aka yanka ba. Batun Sufaye na goge saƙo goma sha ɗaya, na bar na Muhibbi guda biyu na ƙarshe saboda shi aka tsokana. Mai jego, ka je ka ba gwaggo haƙuri, ka gaishe mana da mai sunan Hajiya. Kawu kuma yana jiran wainarsa.