Musayar baiti kan Ali Farka Ture

Baba Na-Gaya:
Salamu alaikum. Jiya na raba dare ina sauraron Ali Farka Ture, mawaƙin Mali mai kaɗa jita, wanda ya ce kiɗan bulus (blues) na Amurka daga ƙasarsu ya samo asali, sai baiti ya zo. Mai amsawa ya rufe da "wa".

A Kanau, ƙauye a gaɓar Kwara,
1939 rayuwarsa ta fara,
Yayyensa tara duk sun ƙaura,
Shi na goma Allah Ya bar wa uwa.

Aka ce masa Farka, ma'ana jaki,
Sunan juriya ne, ba na raki,
Ya ɗau kayansa ba mataimaki,
Jakin da babu mai iya hawa.

'Yar Damagaram:
Baba, gafara, ina da tambaya,
Bulus ai na Amurka ne tun baya,
Na jikokin bayi masu shan wuya,
Yaya ɗan Mali zai ce nasa ne kuwa?

Ɗan Tillaberi:
Ƙanwata, bayin daga ina aka kwasa?
Da Ali ya ji mawaƙin bulus John Lee Hooker ya gane nasa,
Saiwar tana nan cikin ƙasarsa,
Rassa ne suka tsallake ruwa.

Tsirkiya ɗaya ya fara riƙa,
Sai kuma ƙanwar gogenmu, sunanta njarka,
Da Songai da Fulatanci yake waƙa,
Daga baya jita ta samu shigowa.

'Yar Damagaram:
Yaya, zancen saiwa ban musa ba,
Amma kukan gonar auduga ba nan aka yi ba,
Wanda ya sha bulala ba a ƙwace masa ba,
A bar wa Misisipin Amurka nata rabon yabawa.

Baba Na-Gaya:
'Yata, na karɓa. Ni abin da ya kama ni,
Ya ci kyautar Grammy da makaɗin Amurka Ry Cooder, duniya ta sani,
Sai ya koma garinsu Niyafunke noman rani,
Shinkafarsa ta fi masa tafin Turawa.

2004 ya zama magajin gari,
Kuɗin aljihunsa ya zuba ba jinkiri,
Hanya da magudana suka samu tsari,
Da man janareta dare ya ga wayewa.

Ɗan Tillaberi:
Baba, Maris 2006 ya kwanta,
Dajin ƙashi, a Bamako rai ya fita,
Ɗansa Vieux ne ya ɗauki jita,
Allah Ya jiƙan Ali, Ya yi masa gafartawa.