Don Allah me za mu kira mirrorless da Hausa? Gobe da safe zan naɗi shiri

Mai Gabatarwa: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka, wuri ya ƙure min. Gobe ƙarfe 9 na safe zan shiga ɗakin naɗar shiri, kuma batun kan matasan da suke ɗaukar hoto don sha'awa ne, ba don sana'a ba. Baƙon nawa ya turo bayanansa, ko'ina na duba sai kalmar mirrorless. Na rubuta "kyamara marar madubi", na karanta wa abokin aikina don in ji yadda za ta faɗa a kunne, sai ya kalle ni ya ce, "To da me take gani?" Shi a wurinsa madubin shi ne gilashin nan na gaba. In wanda muke aiki tare ya fahimta haka, ina ga mai sauraro a cikin adaidaita sahu?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam, Anti. Abokin aikin naki bai yi laifi ba, Hausar ce ta ɗora wa madubi kaya biyu. Madubin ido, madubin likita, madubin hangen nesa, duk gilasan da ake gani ta cikinsu ne. Sannan ga madubin da ake duba fuska. Wanda Turawa suka cire na biyun ne. A cikin DSLR, wato babbar kyamarar da aka saba gani kafin mirrorless, akwai ɗan madubi a karkace bayan lens, gilashin nan na gaba, shi yake tura haske sama zuwa inda kike kafa ido. Kina danna maɓalli sai ya ɗaga, hasken ya faɗa kan sensa, wato ɗan faifan da ke kama hoton a madadin fim, sannan madubin ya dawo. A mirrorless babu shi, hasken kullum yana kan sensa, abin da kike gani ta ramin leƙen kuwa ɗan ƙaramin allo ne irin na waya. Ni da zan ce "marar madubin ciki".

Baba Mai Hoto: Yaron nan ya faɗi daidai. Wannan ƙarar "ƙwas" da kuka sani ta kyamarar biki, rabinta ta madubin ce in ya ɗaga ya faɗo. Mu da ita muke sanin hoto ya ɗauku, amarya ma da ita take sanin ta saki fuska. Yanzu jikana ya ɗauki hoto hamsin a gabana ban ji komai ba. Amma 'yata, a kasuwa ba wanda zai gane "marar madubin ciki". "Miroles" suke cewa. Ki faɗi abin da in mutum ya je shago ya maimaita za a miƙo masa kaya.

Malamin Nahawu: Kafin a yi nisa, gyara biyu. "Maras" ya fi "marar", kamar yadda ake cewa jirgi maras matuƙi. Sannan ita kanta "kyamara" me ya kawo ta? Muna da ɗauka, muna da tsarin ma- da ya ba mu mabuɗi, makulli, madubi daga duba. Maɗaukiya ke nan, ko a ce maɗaukiyar hoto. Game da abin da ake nema kuwa, kuskuren da kuke yi shi ne bin Turanci sau da ƙafa. Bature ya sa wa abu suna da abin da ba shi da shi, wannan ba hikima ba ce. Ku duba aikin da take yi: haske yana miƙewa sambal har sensa. Don haka na ce a kira ta MIƘAU. Tsohuwar kuwa, tunda madubi yana karkatar da haske, KARKATAU. Gaɓa biyu da gaɓa uku, yaro ma zai riƙe.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, Miƙau kamar sunan maganin ciwon baya a tasha.

Malamin Nahawu: Haka aka yi wa "yanar gizo" dariya, yau ga shi kowa na faɗa. "Tafi-da-gidanka" fa? Bahaushe ne ya zauna ya yi tunani.

Ɗan Fagge: Kuma yau wa yake cewa a miƙo masa tafi-da-gidanka? Waya ake cewa. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" sai a labaran rediyo, a gida kwamfuta ce.

'Yar Damagaram: Ina karanta ku tun ɗazu. Ku sani ba kowa Turancin Ingilishi ya dama ba. Mu nan Nijar wanda ya san abin da Faransanci ya san shi, su kuma Faransawa "hybride" suke ce mata, wato ruwa biyu, tsakanin ƙaramar kyamarar aljihu da babbar. Lens kuma "objectif". In kuka ce miroles, ɗan Maraɗi ko Tawa bai san inda kuka dosa ba, alhali rediyonku har nan muke kama shi. Ni "marar madubin ciki" ta fi kwanta mini, don ko ba ka ji Ingilishi ko Faransanci ba ka samu abin riƙewa.

Malamin Nahawu: "Ruwa biyu" ba za ta yiwu ba, tana da wata ma'anar da ba a so. Amma kin ƙarfafa maganata. In ana son kalmar da Kano da Damagaram za su haɗu a kai, sai ta fito daga cikin harshen. Miƙau ba ta Ingila ba ce, ba ta Faransa ba ce. Kuma daidaitacciyar Hausa tana da ƙa'idojinta.

'Yar Damagaram: Malam, ban ce a ɗauki ruwa biyu ba, bayani na yi. Kuma da an ce "daidaitacciya" mun san Kananci ake nufi. Ku ne kullum masu yanka, mu mu karɓa.

Malamin Nahawu: A kan Kananci aka gina ta, ba ni na gina ba.

Baba Mai Hoto: Malam, "hoto" da kake ta liƙa wa maɗaukiyarka, daga ina ta zo? Majigi fa? Ni na girme ka, na kalli majigi a fili ina yaro, ba wanda ya ce mana ba Hausa ba ce. Harshe ciki gare shi, yana haɗiye abu ya narkar.

Mai Gabatarwa: Jama'a don Allah, agogo yana tafiya. Rigimar Kano da Damagaram ba za ta ƙare yau ba. Ga wata tambayar da ta taso min: wayata ma ai ba ta da wannan madubin. Ita ma marar madubin ciki ce ke nan?

Ɗan Fagge: Anti kin taɓo inda yake ciwo, kuma ciwon har a Turancin yana nan. Waya ba ta da shi, ƙananan kyamarorin aljihu ba su da shi, tsohuwar kyamarar Leica M3 ta 1954 ma ba ta da wannan madubi mai ɗagawa. Abin da masu hoto suke nufi shi ne wadda ba ta da madubin kuma ana cire lens ɗinta a sa wani. Su kansu Turawan sun sha laluben suna. Bayan kamfanin Panasonic ya fito da irin wannan kyamara, Lumix G1, a 2008, an yi ta gwada sunaye, har da wani taƙaitaccen suna EVIL, wanda ma'anarsa mugu, ba kamfanin da zai buga wannan a kwali. A ƙarshe mirrorless ta zauna duk da gurguntarta. Japanawa da suke ƙera yawancinsu aron kalmar suka yi, "miraresu" suke cewa. Kuma Malam, Miƙau ɗinka ma wannan ramin ta faɗa, don a waya ma haske miƙewa yake yi.

Malamin Nahawu: Japanawa ba su ne ma'aunina ba.

Baba Mai Hoto: To su suka haifi yarinyar, kai kake son raɗa suna.

Mai Gabatarwa: Baba ka sa na yi dariya ni kaɗai a ofis. To lens fa? In na bar madubi ga na cikin, me zan kira na gaban?

'Yar Damagaram: "Idon kyamara". Kowa zai gane.

Ɗan Fagge: Don gabatarwa ta yi kyau, amma ba ta jure aiki. Gwada ki ji: "Na sayi ido mai milimita 50." "Ina da idanu uku a jaka." Ni dai lens nake cewa, jam'i lensuna ko lens-lens, duk wanda ya zo baki.

Malamin Nahawu: Lensuna! Inna lillahi. Tabarau yana nan, gilashi ma ya fi wannan.

Baba Mai Hoto: Gilashi muke cewa tun da. "Gilashin nan yana da kyau", wato hotonsa na fita tsaf. Amma bari in gaya miki abin da ya kamata masu sauraronki su ji, ya fi sunan amfani. Kada yaro ya zuba kuɗinsa duka a jikin kyamara ya bar gilashi. Jiki tsufa yake yi, gilashi yana nan. Nawa na Nikon da na yi aiki da su tun zamanin fim, jikana ya ɗaura su a kan Z6, miroles ɗin Nikon, da wani zobe da ake kira FTZ, suna aiki, sai dai da hannu yake saita su.

Ɗan Fagge: Wannan ma cire madubin ne ya jawo. Da babu shi sai lens ya matso kusa da sensa. A tsohon bakin Nikon F, wato wurin da ake ɗaura lens, tazarar zuwa sensa milimita 46.5 ce, a sabon Z ta koma 16. Canon daga 44 ta koma 20, Sony E tana 18. Zoben cike wannan giɓin kawai yake yi, shi ya sa tsohon lens ke hawa sabuwar kyamara amma sabon ba ya hawa tsohuwa. Anti, in baƙonki ya ce full frame, ki ce "babbar sensa", girmanta milimita 36 da 24, daidai da fim ɗin su Baba. Sony ce ta kawo ta cikin wannan layin da A7 a 2013, Canon da Nikon suka biyo a 2018. Mai farawa ba dole sai ita ba. Ƙaramar sensa da lens mai milimita 50 da f/1.8, wato mai buɗewa sosai haske ya shiga, sun isa ɗaukar fuska, sai dai ya sani a kan ƙaramar 50 ɗin yana matsewa kamar 75, a ɗaki sai ya ja baya har bango.

Kuma don Allah ki faɗa musu maganar ƙura. Ni na koya da kuka. Ranar Hawan Daushe ina tsaye wajen Ƙofar Kudu, dawakai sun taso, na ga lens ɗina bai kai ba, na tsaya a tsakiyar wannan ƙurar na cire na sa dogo. Da DSLR ce da madubi da labulen da ke rufe sensa sun tare wani abu, wannan kuwa sensa a buɗe take tana kallona. Da na koma gida na buɗe hotunan a kwamfuta, kowanne akwai ɗigo-ɗigo baƙi a sararin sama, wuri ɗaya, kamar ƙudaje sun yi layi a kan rawunan mahaya. Kwana biyu ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kashe ta nake yi, in kifa bakinta ƙasa, in juya wa iska baya, kuma ɗan famfon roba na hura iska ba ya barin jakata. Ba a hurawa da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna. Lokacin hunturu ma ban cika canzawa a waje ba sam. Batir kuma a riƙe biyu, don allon nan ci yake yi ko ba a ɗauki komai ba.

Mai Gabatarwa: Wannan labarin da kai zan sa a shirin in ka yarda. Ga abin da na rubuta, ku duba: "Kyamarar da ake kira miroles, wato marar madubin ciki, wadda ake iya canza mata lens, gilashin nan na gaba." Sau ɗaya zan yi wannan dogon bayani, daga nan in riƙa cewa marar madubin ciki.

'Yar Damagaram: Ya yi. Da kin sa "idon kyamara" ko sau ɗaya ne saboda mu.

Mai Gabatarwa: Na sa, Yaya. "Lens, wato idon kyamara."

Malamin Nahawu: Kalma tara inda ɗaya ta isa. Ban yarda ba, amma shirinki ne. Aƙalla ki ce "maras". Kuma in da hali ki ambata cewa wasu masana suna kiranta Miƙau.

Ɗan Fagge: Wasu masana su nawa, Malam?

Malamin Nahawu: Da ɗaya ake farawa.

Baba Mai Hoto: Ki ce marar, ki ce maras, duk na ji su a bakin mutane tun kafin a haife ku. Ki je ki kwanta, 'yata.

Mai Gabatarwa: An naɗa, alhamdu lillahi, na gode muku duka. Na faɗi "maras madubin ciki" sau uku, Malam ka shaida. Baƙon nawa kuwa daga farko har ƙarshe miroles ya yi ta cewa, ni ma a minti na ashirin na ji bakina ya bi shi. Miƙau ban samu wurin sa ta ba. Mako mai zuwa kashi na biyu ne, kuma na ga ya rubuto aperture da bokeh.

Malamin Nahawu: Ta farkon ina da ita tun bara. Ku ba ni zuwa la'asar kan ta biyun.