Musayar Waƙa: Boston da Dallas, Wa Zai Ɗau Kofin NBA na 2024?

Ɗan Fagge:
Jama'a, ranar 6 ga Yuni, 2024, za a fara wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta NBA a Boston. Boston ta koci Mazzulla za ta kara da Dallas ta koci Jason Kidd, mai taurari Luka da Kyrie. Wanda ya riga cin huɗu cikin bakwai, kofi nasa ne. Kowa ya kawo hasashensa a waƙe. Ga nawa:

Boston na riƙe, ku ji dalilina,
Ba son zuciya ne ya sa ni ba.

Wasa 64 suka ci a bana,
18 kaɗai ba su ɗauka ba.

A gidansu 37 suka lashe,
In ban da 4 ba a kayar da su ba.

Miami da Cleveland ɗai-ɗai suka samu,
Indiana ko ɗaya ba ta lasa ba.

Biyar ɗin da Mazzulla ke sawa a fili,
Ba wanda bai iya jifan maki uku ba.

Bazazzagiya:
Yaya Ɗan Fagge, lissafinka na ji,
Sai dai akwai abin da kake ɓoyewa.

Miami ta zo muku ba Jimmy Butler,
Gurgu ka kayar kake ta yin rawa.

Mitchell na Cleveland bai buga biyun ƙarshe ba,
Haliburton na Indiana cinya ta hana shi tsayawa.

Dallas kuwa Clippers ta fara turewa,
Oklahoma ta ɗaya a Yamma ta bi su faɗuwa.

Minnesota mai tsaron da ya fi na kowa,
Wasa biyar Luka ya sa ta kwantawa.

Maki 33.9 yake ci kowane dare,
A bana ba wanda ya kamo shi a zurawa.

Na Damagaram:
Allah ya ƙara basira, Hajiya! Baitin gurgun nan ya gama magana. Masu koren riga, wato magoya bayan Boston, su zo su amsa in suna da baki.

Ɗan Fagge:
Ƙanwata, tunda kin taɓo zancen gurgu,
Kawhi na Clippers wasa biyu ya yi muku, gwiwa ta ɗaure.

Dabarar Jason Kidd ba ɓoyayya ba ce:
Gafford ya zo ya tsaya, hanyar mai gadi ya tare.

Mutum biyu su bi Luka, ya ɗaga ta sama,
Lively ya dankara a kwando, magana ta ƙare.

Ko ya miƙa kusurwa wajen Washington,
Mai gadinsa ya tafi taimako, ya bar shi a ware.

Boston ba sai ta tura biyu kan ɗaya ba,
Musanya za su yi, kowa nasa ya tsare.

Brown kan Luka, Holiday kan Kyrie,
White na gefe, in an yi sake ya zare.

In ƙwallo ta dawo hannunsu, Luka za su nema,
Su sa shi gadi har gwiwarsa ta sare.

Boston a wasa biyar.

Bazazzagiya:
Yaya, tsarinka a takarda ya yi kyau,
Amma da ƙafa ake buga wasa.

Porzingis tun Afrilu yake jinyar sharaɓa,
In an kai shi minti 30 zai kasa.

Horford shekara 38 ya cika,
Luka zai jawo shi fili ya gwada tsufansa.

Jifan uku 40 da ɗoriya kuke yi a dare,
Ran da ta ƙi shiga, sai ku dubi ƙasa.

Ka tambayi Gobert na Minnesota, gwanin tsaro sau 4,
Saura daƙiƙa 3 aka jefa ta bisa kansa.

Dallas a wasa shida, a gidanta.

Malamin Aruli:
Ku dakata. Malam Ɗan Fagge, waƙarka ta farko ba ta zauna ba. "Boston na riƙe, ku ji dalilina" gaɓa 11 ce. "Biyar ɗin da Mazzulla ke sawa a fili" gaɓa 13. A wane kari za a rera su tare? Sannan amsa-amon "ba" shi ne mafi araha a Hausa, duk jimlar korewa da shi take ƙarewa. Hajiya ma ta karya nata: "turewa" da "kowa" sun zo a ɗangon farko, sun cinye amsa-amon kafin a kai inda ake jiransa.

Na Damagaram:
Malam, da girmanka, ba da ƙirgen gaɓa ake auna waƙa ba, da nauyinta ne. Gaɓa biyu marasa nauyi suna zama a gurbin ɗaya mai nauyi, ko a baharin Kamil na aruli haka ne. Na Hajiya kuma ado ne, amsa-amon ciki ke nan.

Malamin Aruli:
A gurbin da bahari ya yarda suke zama, ba duk inda mawaƙi ya ga dama ba. Amsa-amon ciki kuma in an fara shi, a kowane baiti ake kiyaye shi. Ita a biyu ta yi cikin shida. Kana kare ta ne don kuna ƙungiya ɗaya.

Ɗan Fagge:
Malam, ka sa Porzingis a bahari mu gani,
In ya zauna daram, ni na bar waƙa.

Malamin Aruli:
Wannan ma bai daidaita ba.

Na Damagaram:
To Malam, kai wa kake so? Tun ɗazu ba ka faɗa ba.

Baban Zongo:
Gafara dai 'ya'yana, sai yanzu na ga zaren. An bar ƙwallo an koma aruli, kuma ba wanda ya taɓa Kyrie yadda ya kamata. 'Yata Bazazzagiya, wannan naki ne:

Kyrie na 2016 kowa ya san shi,
Wasa na bakwai, jifansa ya kawo kofi.

Amma Boston ya bari a 2019,
Wasa 10 a jere suna cin sa, ba ƙarfi.

A Maris an haɗu, Gafford da Washington na nan,
138 da 110, ratar ta yi zurfi.

Horford da Porzingis bayan layi suke tsayawa,
Dogon Dallas ya fito, ƙarƙashin kwando ba rufi.

Tatum ya kutsa, in an taru ya fitar waje,
Wannan ƙofar ita ce Kidd bai da marfi.

Ni Boston na ba, a wasa shida. Abin da zai sauya lissafina ɗaya ne: in Dallas ta saci ɗaya daga cikin biyun farko a TD Garden, filin Boston, sai ta koma gida da wasa na uku da na huɗu a hannu, to sai an kai bakwai. Ku lura da kusurwa a wasan farko. In Washington da Derrick Jones suna samun jifa ba mai gadi, tsaron Boston ya tsage.

Bazazzagiya:
Baba, na ji, kuma amsarka na nan tafe. Wasan farko ƙarfe 1:30 na dare ne a Zariya da Damagaram, 12:30 a wajenku Kumasi. Kada a ce barci ya ɗauke ka.