Neman shawara: bindigar farauta marar nauyi

Bazazzagi: Salamu alaikum jama'a. Allah ya sa na samu takardar farautar elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa, ta bana a jihar Kolorado ta Amurka. Bindigata da madubin saitinta ta haura kilo 4, hawan dutse da ita azaba ne. Ina neman mai sakata, wato wadda ake jan hannunta a ɗura harsashi bayan kowane harbi, marar nauyi. Wacce kuke ganin ta dace?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Tikka T3x Lite, ƙirar Finlan. Kusan kilo 3 ce, sakatarta kuma ba ta cijewa.

Kawu: Kafin ka zaɓi suna, yarona, fara zaɓar harsashi. Na taɓa farauta da wata marar nauyi mai cin .300 magnum, har yau kafaɗata ba ta manta ba. Nauyin bindiga shi ke shanye shurinta. Duk abin da aka rage mata, a jikinka zai sauka. Tun a filin gwaji gindinta ya riƙa dukana kamar shurin jaki, har ya kai ga ina runtse ido kafin in ja kunama. Mai runtse ido kuwa saitinsa ya riga ya tashi. Ga hancinta, wato bututun da harsashi ke bi, siriri, an fefe shi don rage nauyi. Harbi biyu zuwa uku na farko wuri guda suke sauka, da ƙarfen ya ɗau zafi sai harsashi ya fara watsewa a jikin allo. Aka sa mata abin rage shuri a baki, shurin ya ragu, amma ƙarar ta zama bala'i, wanda ke gefena ma sai da ya matsa. In marar nauyi kake so, ka tsaya a .308 ko 7mm-08.

Baban Amira: Zafin hanci ba matsala ba ne a dawa, Kawu. Wa zai yi wa dabba harbi biyar?

Kawu: A dawa ba matsala, amma a filin gwaji ake koyon bindiga, can kuma dole ka jira ta huce.

Ɗan Maraɗi: Mai cin harsashin 6.5 Creedmoor fa? Shurinta kaɗan ne.

Baban Amira: Ga barewa ta isa. Ga elk mutane sun rabu, ni dai ba zan kai ta nesa ba.

Injiniya: Kimber Montana mai cin .308 ba ta kai kilo 2 da rabi ba. Tana da faratan nan irin na Mauser 98, tsohuwar bindigar Jamus, masu cafke harsashi tun daga gidansa har su fitar da kwanson. Amma ka duba ɗagin hannun sakata. Remington 700 digiri 90 take ɗagawa, Tikka 70, Browning X-Bolt 60. In ka sa safar hannu mai kauri cikin ƙanƙara, mai 90 kan sa yatsa ya gogi madubi.

Ɗan Maraɗi: Kakanninmu da adaka suka kashe ɓauna, babu digiri ko ɗaya.

Injiniya: Su har gaban dabba suke rarrafawa, kai kuwa ko zomo sai ya ji takunka.

Ɗan Maraɗi: Za mu haɗu a dawa, Injiniya!

Malam: Tambaya: in ka iske dabbar ta riga ta mutu kafin ka sa wuƙa fa?

Kawu: Bismilla ake yi lokacin harbi, Malam. In an same ta da rai, a yanka.

Malam: Na san wannan. Maganar harsashi nake, don malamai sun yi saɓani ko yana cikin abin da ke huda da kaifi.

Baban Amira: A buɗe wa wannan zaure daban don Allah.

Bazazzagi: Na gode ƙwarai. Gindin katako ko na roba?

Kawu: Roba ko zaren kabon. Katako na shan danshi ya kumbura ya taɓa hanci, saiti ya goce. Kuma kada ka biya kuɗin rage rabin kilo sannan ka ɗora mata ƙaton madubi.

Injiniya: Kawu, Savage 110 Ultralite mai hancin kabon fa, ka taɓa riƙe ta?

Kawu: A shago kawai. Ban harba ba.